Littafin Da Nake Karanta Wa Baba

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan duk lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma faɗan da ta saba, kin kuwa san in ta fara faɗa to jiki ya yi daɗi. Babban albishir kin riga kin ji shi a waya: aikin idon Baba ya yi kyau, an cire yanar, yana gani tar. Allah Ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Na san za ki ce me ya kai ni rubuta takarda alhali ga waya. Wallahi maganar ce ta fi ƙarfin bakina. Sau nawa ina kiran ki da niyyar faɗa, sai in ɓige da tambayar lafiyar yara.

Kin san ni da rubuce-rubuce tun ina ƙarama, kuma ke kika fi kowa sanin halina: ɗokin farawa kamar me, gamawa kuwa sai dai wani ya yi. Akwatin da ke ƙarƙashin gadonmu har yanzu cike yake da labaran da na fara na watsar. To bara na cika baki a gida, na ce wannan karon littafi sukutum zan yi, labarin wani direban babbar mota da ke yawon neman ƙaninsa da ya ɓata. Baba ya ɗauki maganar da gaske fiye da ni mai ita. Duk wanda ya kawo gyaran rediyo shagonsa sai ya ji cewa autarsa marubuciya ce. Na rubuta 'yan shafukan farko a wani babban littafi mai baƙin bango, daga nan abu ya cije. In zauna da biro, in ja layi, in soke, in tashi in share ɗakin da ba shi da datti.

Da idon Baba ya yi tsanani ya daina zuwa shago, zaman gida ya ishe shi. Sai ya wuni a kujerarsa ta bakin taga yana jujjuya wani tsohon batir a hannu. Wata rana ya ce in ɗauko littafin nan in karanta masa. Na karanta, 'yan shafukan suka ƙare, na tsaya. Ya ce in ci gaba mana, daga nan sai me ya faru. Yaya, a nan ne ya kamata in ce masa iyakarsa ke nan. Amma na ga yadda ya karkato da kunne, rabon da in ga fuskarsa a sake haka an daɗe. Sai na juya farar takarda, na ci gaba da magana kamar ina karantawa.

Ikon Allah, labarin da ya ƙi biro sai ga shi yana zuba daga baki. Kullum bayan la'asar ina zaune gabansa da littafi a cinya, ina kallon fari ina zuba zance. Har na ƙware da juya shafi a kan kari, in ɗan tsaya kamar rubutun nawa ne ya yi mini wuyar ganewa. Baba kuwa ya shiga labarin tsundum. Ranar da direba ya wuce garejin da ƙaninsa yake ciki bai tsaya ba, har cinya ya buga, ya ce wannan mutum bai da wayo. In na yi tuntuɓe, na mai da jar mota shuɗiya, sai ya ce ai ja ce, in ce kuskuren rubutu ne, zan gyara. Umma ce ta kama ni. Ta zo wucewa da tsintsiya ta leƙa, ta ga takarda fari fat, ta dube ni sama da ƙasa ta wuce. Daga baya ta ja ni gefe ta ce ita ba za ta ɓata masa farin ciki ba, amma in ji tsoron Allah in zauna in rubuta abin nan. Na yi niyya, wallahi na yi. Sai dai da na keɓe ni kaɗai komai ya gudu, abin da ya sa Baba dariya jiya in na sa shi a takarda sai ya zama lami.

Ga inda kunyar tawa take. Ranar da likita ya ce aiki zai yiwu, muna hanyar gida Baba ya ce in ido ya buɗe ba shago zai fara nema ba, rubutun Auta yake so ya gani da idonsa. Umma na hamdala, ni gabana na faɗuwa. Har raina ya raya mini ina ma a ɗaga ranar aikin. Astagfirullah! Idon mahaifina fa, Yaya, saboda kada asirina ya tonu. Tunanin bai daɗe ba, amma ya zo, kuma har yau in na tuna sai in ji na tsani kaina. Lokacin da yake jinya na dage in cike gurbin, na yi ta rubutu ina yagewa, ban kai ko'ina ba.

Shekaranjiya ya sa tabaransa ya miƙo hannu. Na ba shi littafin, na tsaya kamar an dasa ni. Ya karanta shafukan farko bakinsa na motsi, yana murmushi. Sannan ya juya, fari. Ya sake juyawa, fari. Bai yi sauri ba, yana lasar yatsa yana bin su ɗaya bayan ɗaya har ya kai bango. Na buɗe baki zan yi magana, sai ya rufe littafin ya murza ido, ya ce dama likita ya faɗa masa ƙananan rubutu sai a hankali, shi fari-fari kawai yake gani, in zauna in ci gaba masa daga inda direba ya tsaya. Yaya, da safen ranar nan fa a gabana ya ɗauki kwalbar maganin idonsa ya karanta wa Umma 'yan mitsi-mitsin rubutun jikinta, ko runtse ido bai yi ba. Na zauna na karanta masa. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Ki gaishe mini da maigidanki da surukarki, ki shafa mini kan Ƙaramin Baba da 'yar lukutar ƙanwarsa. Umma na gaishe ku, Goggo ma ta ce a ce miki ta yi fushi da shirunki. Ki sa ni a addu'a, Allah Ya ba ni ikon cike shafukan nan. Roƙona ɗaya: in kin kira Baba kada ki tambaye shi labarin littafin. Mutumin da bai taɓa yi mana ƙarya ba ya yi ta saboda ni, ba na so ya sake.

Taki har kullum,
Auta