Gadon da ya yi ƙyanda

Maigida,

Na tafi asibiti tare da Anti Nabanda, ƙila ka riga ni dawowa. Tuwon nsima yana cikin kula, ka ɗumama miyar kifin.

Bayan ka fita sayen katako, matar Nyirenda ta zo ɗaukar gadon jaririn da ka yi mata. Ta shafa shi da hannu ta ce, "Ke Tadala, gadon ne ya yi ƙyanda tun yaro bai kwanta ba?" Man sheƙin ya bushe da ƙananan ƙuraje ko'ina. Ta ce ta fasa, za ta duba kasuwa.

Laifina ne. Jiya da ka ce in motsa man da guntun itace, warinsa ya tayar mini da zuciya, sai na rufe gwangwanin na girgiza shi kamar goran nono. Na ga kumfa, na miƙa maka shi a haka. Ka yi haƙuri, na san wahalar da ka sha a kansa.

Amma kada ka nemi wani mai saye. Ka goge shi da samfefa, ka sake shafawa a hankali a inuwa, yadda ka saba. Ba sauri. Sai masara ta nuna za a buƙace shi, kuma a ɗakinmu zai zauna.

Bakina ya kasa faɗa maka, shi ya sa na rubuta. In na dawo, don Allah kada ka yi ta kallona kana dariya.

Tadala