Taswirar Isufu

Laraba, bayan isha'i

Yau matar da ke ba mu hayar ɗakin nan ta ce za a yi fenti ranar Asabar, in cire taswirar da ke bango. Na ce mata to, amma har yanzu hannuna ya ƙi.

Ta Isufu ce, mutumin Maraɗi da muka yi shekara uku tare a ɗakin nan, a Guangzhou ta ƙasar Sin. Bai taɓa ganin teku ba sai da ya je tashar jiragen ruwa ta Nansha duba kwantena, amma shi ne ya haukace da jiragen Sifaniyawa na zamanin mulkin mallaka, waɗanda suka nutse da azurfa. In mun dawo daga kasuwar Zhanxi Lu sai ya dafa shayi, ya duƙufa a waya yana bincike da Faransancinsa. Sitikar da muke manna wa kwalayen takalma yake ɗiba yana manna wa taswirar. Jar sitika ta wurin da aka gano jirgi ce, har an killace ana tsamo kaya. Koriyar kuwa ta inda ake zaton ya nutse, amma ba wanda ya gano shi.

Nakan ce, "Malam Isufu, ko iyo fa ba ka iya ba."

Sai ya ce, "Alhaji, ba azurfar nake so ba. A dai san inda suke kwance."

Wata huɗu ke nan da bizarsa ta ƙare ya koma gida. Ɗazu na kira shi sau biyu, bai ɗauka ba.

Koriyar sitika ɗaya ta rage a takardarsu. Na ɓare ta, na nemo Guangzhou a taswirar na manna. Na yi dariya, ba wanda ya tambaye ni ta mece ce.