Rigata Ba Ta Kashe Kowa Ba

Zuwa ga Mai Girma Hedimasta na makarantar mishan ta garinmu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da iyali da malamai. Ni ne Baba Kure, tsohon leburan reluwe. Ban yi boko ba. Mai rubuta wasiƙa a Kafanchan ne ya riƙe alƙalami, amma bakin nawa ne. A karanta a gaban jama'a, tun da a gabansu aka yi mini abin.

Na ɗaya. Kafin hutun Kirsimeti ka aiko aron babbar rigata, shuɗiyar nan da na ɗinka shekarar da motoci suka koma hannun dama, da hulata da sandata. Ka ce sarki zai sa a wasan kwaikwayo. Na ji daɗi, har na riga kowa zama a bencin gaba. Ba ka faɗa mini irin sarkin ba. Ashe mutum ne da ya zuba wa yayansa guba a kunu don ya gaji kujera, ya kashe amininsa, ya kori duk mai faɗa masa gaskiya, daga ƙarshe talakawa suka ja shi a ƙasa da ƙafa ɗaya. Duk a cikin rigata.

Na biyu. Wa ya ce wa malamin lissafi da ya fito a sarkin ya yi ɗingishi? Ni kaɗai ke ɗingishi a garin nan, tun da ƙarfen layin dogo ya faɗo mini a ƙafa. Na tambaye shi, wai haka yake a littafin Turawa. Baturen da ya rubuta ya taɓa zuwa garinmu Godogodo ne?

Na uku, nan ciwon yake. Ka san yayana, marigayi Mai Unguwa, ya rasu da daminar bana. Tari ne da tsufa, a gadon asibiti. Ka san kuma ina neman kujerarsa, ban ɓoye ba, dattawa za su zauna da Dagaci mako mai zuwa. Tun ranar wasan nan ba wanda ya karɓi ƙwarya daga hannuna. Fasto da kansa ya zo gaisuwa, matata ta kawo kunu, ya ce azumi yake, ga man ƙosai a leɓensa.

Na taɓa kallon majigi a Kafanchan, wani mugun attajiri ya harbe abokansa ɗaya bayan ɗaya, shi ma aka harbe shi. Da aka gama, aka naɗe farin ƙyallen, mota ta tafi da shi har da kwat ɗinsa. Naku mugun ya mutu, ya tashi ya koma aji, ni aka bari da rigar.

Roƙona ke nan, ranka ya daɗe. Ranar Lahadi bayan sujada ka miƙe ka faɗa wa ikilisiya cewa ƙarya ce ta makaranta. Sannan ka zo gidana kafin zaman Dagaci, ka sha kunu cike da ƙwarya a gaban dattawa, ka zauna har rana ta yi sanyi su ga ba abin da ya same ka.

In kuwa kuna da wani wasan a shirye, Mista Bulus da muke neman kujerar tare yana da farar riga mai kyau, kuma ba ya hana aro.

Ubangiji ya ƙara maka girma da hikima, ya tsare makarantarka.

Wassalam.

Baba Kure