Tukunyar Lantarkin Binta

Daren Talata, tara ga Sha'aban

Barci ya ƙi. Gobe 'yata Binta za ta koma Kaduna, ta ce in yanke: a bar wa uwarta tukunyar lantarkin da ta kawo, ko ta tafi da abarta. Wai a zuba nama da safe, ya yi ta dahuwa har magariba ba mai hura wuta. Na ce da wace wutar? Masu mulkin farar hular nan ma alkawari kawai suka iya.

Tukunyarmu ta dalma ni na zuba ta da hannuna a Jakara, har yau ba ta huje ba. Yanzu 'yar da tuwon tukunyar ya raina ce ke ce mini, "Baba, hayaƙi zai kashe Inna."

Sai ga wutar ta wuni yau, kamar da gayya. Ƙafar saniya ta narke a tukunyar Binta, har ni mai haƙori uku na suɗe kwano. Ban dai yaba ba.

Tun ɗazu nake kasa kunne ɗakin Hajiya, uwar Binta. Shiru. Rabon da ta kwanta ba tari, na manta.

To, a bar ta. Amma tawa, ba mai kife mini ita a bayan ɗaki.