Na'urar Hannun Inna

Talata, bayan isha'i, Sabo

Yau Habu ya turo min takardar binciken da ya wallafa kan na'urar motsa hannun masu shanyewar ɓarin jiki. Na karanta har ƙarshe, babu sunana. "Wani mai gyara a unguwa" kawai ya rubuta.

Wai ni da muka tashi layi ɗaya da shi ne wani mai gyara. Sau huɗu ƙaramin injin na'urar yana ƙonewa a jami'a kafin ya kawo shagona. Ni na sake naɗa koyil ɗin, wato wayar cikin injin, ni na ce a tsoma shi a banish, ruwan da ke rufe waya, sau biyu, a bari ya bushe tsakani. Kuma a hannun mahaifiyata aka gwada, har ta fara riƙe cokali da kanta.

Na kira shi, ya ce, "Yaya Sani, ka gane, sai mai digiri ake sa sunansa."

Sunan ma na yafe. Amma wata biyu ke nan da ya ɗauke na'urar wai zai nuna wa farfesansa, kuma yatsun Inna sun soma ƙagewa.

Ɗazu ta tambaye ni yaushe Habu zai dawo da na'urar. Ina ba ta tuwo a baki, na ce gobe.