Ranar da Motar Kawu Ta Yi Tsalle

Garejin Rilwanu, Apo
Litinin

Zuwa ga Kawu Abdulbaƙi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ka tashi lafiya. Ya kasuwa, ya mutanen gida, ya ƙafarka ta dama? Ita na fi tambaya, tunda ita ta jawo mana wannan duka.

Kawu, tunda ka rantse a gaban mutanen layi cewa ba za ka sake yi mini magana ba sai na mayar da motarka yadda take, ka kuma toshe lambata, babu abin da ya rage mini sai takarda. Na sa ta a cikin kular da Anti Mashkura ta aiko mini da tuwo, Rilwanu makanike zai biyo da ita tunda layinku yake wucewa. Idan ka ji tana ƙamshin miyar kuka, ba raini ba ne.

Ni adalci nake nema. Da za ka tafi Kano saro shadda, kai ka miƙo mini makulli ka ce, "Nazir, ka duba Tsohuwa, tana tari." Na duba ta. Na juye baƙin mai, na canza filta, na tsiyaye ruwan da ake sayar mana da sunan dizal. Rilwanu ya kwance tukunyar da ke tace hayaƙi, baƙin da ya zubo daga ciki ya ishi makarantar allo tawada har ta yaye ɗalibai. Duk da haka tana tafiya kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Shi ne Rilwanu ya ce sauran matsalar a ƙwaƙwalwa take, wato ɗan akwatin nan da ke gaya wa inji yawan man da zai sha. Ya jona mata laftof, ya sake mata saiti. Kawu, da ka ji muryarta a ranar, da ka ce jikarta ce.

Ban gaya maka ba don ina so in ga fuskarka. To, na gani.

Amma laifina ne kana taka totur kamar mai kashe kunama? Na san Tsohuwa ce ta koya maka. Shekara da shekaru sai ka danna har ƙasa, ka yi bismilla, ka gyara hula, ka gaisa da maƙwabta, sannan ta tuna ana jiranta. Ranar Asabar ba ta jira hula ba. Ta yi tsalle ta fita get, ta haye titi, ta shige teburin ƙwan Madam Clara. Babu wanda ya ji ciwo. Ita kanta Madam da take ta faɗin "Alhaji, motar ka ya kashe ni," a tsaye take faɗa, da biredi a hannu.

Dariyar da na yi ban musa ba. Amma duk wanda ya ga dattijo ya saki sitiyari ya rufe ido da hannu biyu, sai ya dara.

A kan benci nake kwana a gareji, kusa da Tsohuwa. Sauron Apo bai san ni ɗan gidan Alhaji ba ne. A yi mini izini in dawo gida.

A gaishe da Anti. Miya ta yi, nama ne dai ban haɗu da shi ba.

Ɗanka mai biyayya idan an duba da kyau,
Nazir

*

Nyanya
Talata

Nazir,

Wa alaikumus salam. Na amsa ne don amsa sallama wajibi ne.

Ka sani rantsuwata tana nan daram. Na ce ba zan yi maka magana ba, kuma ban yi ba. Wannan rubutu ne, bakina a rufe yake.

Ƙarya ɗaya ce ta sa na ɗauki biro, don ba zan bar ta ta kwana a takarda ba. Ban saki sitiyari ba. Turken wuta ne a gabana, ni na murɗa na kauce masa na zaɓi ƙwai. Da hannuna na tuƙo motar nan daga Kwatano lokacin kai kana kuka a kan allo. Ba yaro irinka ne zai koya mini riƙon sitiyari ba.

Na ce ka duba tari. Ban ce ka canza mata hali ba. Motar da ta haura kilomita dubu ɗari huɗu, ba ta taɓa kunyata ni ba, ka ɗauke ta ka ɗura mata maganin ƙarfi kamar ɗan dambe. Idan injin ya fashe mana a dajin hanyar Kaduna, Rilwanu zai zo da laftof ya goya mu?

Ka san abin da ka mayar da ni? Madam Clara idan ta hango ni, ko a ƙafa nake, sai ta janye teburinta. Jiya a masallaci wani da bai kai ƙanena ba ya ce mini, "Alhaji, ya jirgi?" Kai kuma ɗan 'yar'uwata, wanda ya tashi a gidana, kana tsaye a bakin get kana riƙe ciki. Ƙwai yana bin gilas, kai kana dariya.

Ga magana ta ƙarshe. Yamusa direba zai tashi daga tashar Jabi zuwa Malumfashi ranar Asabar. Idan motar ba ta dawo yadda take ba, ka bi shi. Na riga na yi waya da mahaifiyarka Indo.

Wassalam.
Kawunka, Abdulbaƙi

*

Apo
Laraba

Ranka ya daɗe Kawu,

Sallama da gaisuwa irin ta ɗa ga uba. Na ga takardarka, na ji daɗin ganin hannunka, ko da yake biron ya huda takardar a wuri biyu.

Akwai labari mara daɗi. Tsohon saitin babu shi. Rilwanu bai adana ba. Na ce masa don me, ya ce, "Oga Nazir, da na ga yadda yake, ban ɗauka akwai mai son sa a duniya ba." Ya ce zai iya rage mata ƙarfi, amma yadda take ɗin nan sak, sai dai mu kwashe baƙin da muka zubar mu mayar cikin tukunya, mu nemo ruwa mu ƙara a tanki. Idan haka kake so ka faɗa, baƙin yana nan bayan gareji.

Maganar fashewar inji kuwa, na tsare shi a kai. Ya ce kaɗan ya ƙara, daidai shekarunta, kuma yanzu ta fi shan mai da hankali. Na hau tudun Kugbo da ita jiya, ko tari ba ta yi ba.

Amma Kawu, akwai kalma ɗaya a takardarka da ta tsaya mini a wuya. Ka ce ba ta taɓa kunyata ka ba. Gaskiya ne, don kai kana ciki. Ni nake waje. Ni nake turi a tudun nan cikin gosulo, salansa tana hura mini hayaƙi a baki, masu tallan biredi suna wuce mu da ƙafa, su kai sama, su dawo su same mu. Kai kana ciki da carbi kana cewa, "Ƙara ƙarfi kaɗan, ta kusa kamawa." Akwai ranar da yaran Wuse suka ɗauke ni a waya, har yau idan na shiga layin 'yan atamfa sai wani ya ce ga injin Alhaji ya zo. Ban taɓa kawo maka ƙara ba. Na gyara abin da yake ci mini mutunci, rana ɗaya ya taɓa naka, sai tashar Jabi?

Me zan ce wa Inna idan na sauka? Ta ba ka ni tun ban iya ɗaure wando ba, ta ce ka mayar da ni mutum. In ce mata ƙwai ne ya koro ni?

Duk da haka na samo mafita. Ga ɗan katako nan a cikin kula, na sassaƙe shi da kaina. Idan aka ɗaure shi a ƙarƙashin totur, ka taka iya son ranka, ba za ta wuce tafiyar da ka sani ba. Kai ba ka canza ba, ita ba ta canza ba, katako ne kawai zai sha wuya.

Allah Ya huci zuciyarka, Ya ƙara girma.

Naka, injin Alhaji,
Nazir

*

Nyanya
Alhamis

Nazir,

Bayan sallama. Ga katakonka nan na mayar. Ka ajiye, za ka buƙaci abin zama a bayan motar Yamusa. Ni za a sa wa katako kamar akuyar da ke shiga gonar mutane?

Maganar turi na karanta. Ban san an ɗauke ka a waya ba. Da ka faɗa mini da baki, lokacin da baki yake da amfani tsakaninmu.

Tun ranar Litinin bas nake shiga. Ni da furfurata, kwandasta yana buga mini kafaɗa yana cewa, "Baba, matsa ciki." Jiya wata ta ɗora mini buhun garin kwaki a cinya daga Nyanya har Wuse, ko sannu babu.

Tunda kai adalci kake nema, bari in gaya maka abin da ba ka gani ba. Kana ganin ban san motar nan ba ta da sauri? Na sani sarai. Idona ba kamar da ba ne, musamman na hagu. Ƙafata ba ta tashi daga totur zuwa birki yadda take yi a baya. Ban gaya wa kowa ba, ko Mashkura. Motar nan ita ta rufa mini asiri. Idan na taka, tana ba ni lokaci in duba dama, in duba hagu, in sake dubawa. Tare muka rage gudu ni da ita, babu wanda ya lura. Kai ka je ka mayar da ita yarinya, ka bar ni tsoho a gaban mutanen layi. Ba ƙwan ne ya ƙona mini rai ba.

Ko da ina so in janye, na ambaci sunan Allah, kuma mutane sun ji. Na ce sai ta dawo yadda take. Kai da bakinka ka ce ba za ta dawo ba. To ka ga babu sauran magana. Gara kana Malumfashi da a ce kana gabana ina wuce ka kamar bango.

Yamusa ya ajiye maka kujera. Ka bar makulli wurin Rilwanu.

Allah Ya kiyaye hanya.
Kawunka

*

Apo
Juma'a

Kawu,

Assalamu alaikum, barka da Juma'a. Na karanta takardarka, na daɗe zaune a kan benci. Maganar ido ban sani ba. Da na sani da ban yi dariya ba, ko dai da na shiga ciki na yi. Babu wanda zai ji ta a bakina.

Amma maganar ka wuce ni kamar bango, wannan ban yarda ba, kuma raina ya ɓaci. Mutumin da ya koya mini alwala ne zai sa ni a mota kamar buhun masara saboda kalmar da ya faɗa cikin fushi, da ƙwai a hannun riga?

To ka zauna da kyau. Yau na je Nyanya na yi sallah a bayanka, ba ka gan ni ba, ta hagu na tsaya. Da aka watse na sami Liman, limaminka da kake ba goro, na yi masa tambaya ban ambaci suna ba. Na ce mutum ne ya rantse ba zai yi wa wani magana ba, sai ya rubuta masa takarda, takarda ta isa hannunsa. Liman ya ce a mazhabarmu rantsuwa ta karye, don takarda magana ce. Na ce idan biyu ya rubuta fa? Ya ce ta farkon ta gama aiki, ta biyun hira ce kawai.

Kawu, rantsuwarka ta karye tun ranar Talata, a cikin kular tuwo. Abin da ke kanka yanzu kaffara ce, ka ciyar da miskinai goma ko ka tufatar da su. Liman ya ce mai shago a Wuse irinka ba ya gudu zuwa azumi.

Ni ban yi boko ba, amma wannan na taɓa jin sa a zauren Malam, tabbatarwa kawai na je yi. Shi ya sa na rubuta cewa ka saki sitiyari. Ba ka saki ba, ina wurin, kaucewar da ka yi wa turken nan ko ni ba zan iya ba. Na san dai ba za ka iya barin wannan ta wuce ba.

Rilwanu ya sassauta mata tashi, yanzu ba ta zabura. Idan kana so mu nemi fili ka sake sabawa da ita ba mai kallo, ina nan. Idan ba ka so, ga ido biyu a nan suna zaman banza a Apo.

Gobe Asabar. Idan na shiga motar Yamusa, ka sani kai ka sa ni, kada a ɗora wa rantsuwa.

Na bar ka lafiya.
Nazir

*

Nyanya
Juma'a da yamma

Nazir,

Na tambayi Liman. Bai ba ni amsa ba sai da ya gama murmushi, har da tambayar ya motar take.

Mashkura za ta ɗora tukunya da sassafe. Ka zo da motar, kai za ka ɗauki abincin, kai za ka nemo mutum goman, kuma kada in ga Rilwanu a cikinsu. Kai za ka tuƙa. Ni a baya zan zauna. Yamusa ya sami wani fasinja.

Kada ka shigo mini gida kana washe baki. Yanzu ba rantsuwa ce ta rufe mini baki ba, ni ne ba na son yi maka magana, kuma wannan ba shi da kaffara.

Sai ka zo.
Kawunka, Abdulbaƙi