Na Rubuta Alela a Bayan Sunansa

Talata da dare, Ƙonni

Har yanzu raina bai huce ba. A buron ƙungiyarmu ta manoma, wato ofishinmu, akwai ɗan shirin kwamfuta da ke aika saƙon ranar rabon irin gero. Yau na gano in ka kira shi da sunansa kawai, ba ka rubuta sunan gari a bayansa ba, sai ya ɗauka Ƙonni kake nufi, ya aika wa ƴan Ƙonni kaɗai. Shi ya sa bara ƴan ƙauyenmu Alela, har da yayana Idi, suka iso da amalanke an riga an share sito.

Na faɗa wa shugabanmu, Malam Sani. Ya ce, "Hajiya, na'ura ba ta son kai." Na ce, "Malam, wanda ya koya mata ɗan Ƙonni ne."

Na rubuta sunan shirin, na bar fili, na sa Alela, na danna.

Ina kwance ina ganin saƙon yana bin jar hanya, yana shiga zaure bayan zaure, yana haska aljihun tsofaffi. Da haka ake kiran ruwan sama, da sunan gonar Inna zan sa.

Idi ya bugo ɗazu. Ya ce saƙo ya iso, ya ba jaki ruwa, da asuba zai taso.